Tukunyar Wayar Haisam

Ranar Alhamis, sha huɗu ga Sha'aban, ina bayan kanta a ɗakin magani ina yi wa wani dattijo bayanin ƙwayar hawan jini, sai abokinka Saif ya kira ni. Saif bai taɓa kirana ba. Da na ɗauka sai ya yi ta maimaita sunanka, kamar ni ce ban san shi ba. Da ƙyar na tsinci sauran maganar: kana dawowa daga Badr, tayar gaba ta fashe, motar ta bar kwalta. Kafin a kawo ɗauki kwananka ya ƙare. Na Allah muke, gare Shi kuma kowa zai koma. Na ƙarasa yi wa dattijon bayaninsa, ƙwaya ɗaya da safe bayan karin kumallo, sannan na zauna a ƙasa.

Washegari aka yi maka salla a Masallacin Annabi, aka kai ka maƙabartar Baƙi'a. Mu mata muka tsaya a bayan katanga muna hangen kawunan maza, ba mu san wanne ne ke ɗauke da kai ba. Mahaifiyarka, Gwaggo Fatsuma, ba ta yi kuka a nan ba. Ta dai riƙe hannuna har sai da yatsuna suka yi sanyi.

Da Hausa nake rubuta maka, Haisam, ko da yake tun da na zo daga Kano na sauka a gidanku na unguwar Ƙurban a nan Madina ba ka taɓa ba ni cikakkiyar amsa da ita ba. A yi maka Hausa, ka mayar da Larabci, kamar sauran 'ya'yan da aka haifa a nan. Amma kana jin komai, musamman in faɗa ake yi maka. Yau ba ka da halin amsawa, sai saurare.

A kwanakin zaman makoki na ji yabonka iri-iri. Wannan ya ce ka gyara masa na'urar sanyaya ɗaki a tsakiyar zafi ka ƙi karɓar komai. Wancan ya ce ka tarar da surukarsa ta ɓata a kasuwar dabino, ba ta jin Larabci, ka ɗauke ta ka yi ta zagaye da ita otal-otal har ta gane nata da launin labule. Manoman Badr, waɗanda kake kula musu da injinan sanyi na rumbunan dabino, sun zo mota guda. Duk gaskiya suka faɗa. Ni ma kai ka koya mini tuƙi a titunan unguwar Jurf da babu kowa, kana gefe kana buga yatsu a cinya, ina take birki a inda ya kamata in take mai, ba ka taɓa ɗaga mini murya ba. Wanda bai san ka ba, in ya zauna a falon nan, zai ɗauka waliyyin firji aka binne. Babu wanda ya ambaci abin da ka fi iyawa a duniya. Shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Kai makaɗin jita bes ne, mai kaurin murya, ta masu kiɗan Turawan nan mai hayaniya da ake kira metal, kuma ba metal ɗin da ake iya sa wa baƙo ba, mafi tsananinsa. Ɗakina yana jikin naka. A makon farko na ji wani ƙas-ƙas-ƙas da sauri bayan la'asar, na ɗauka keken ɗinki ne, na yi mamakin namijin da ke ɗinki a ɓoye. Da na matsa maka da tambaya sai ka buɗe ƙofa. Ga ta nan baƙa wuluk, doguwar wuya, wayoyi biyar, ta ƙarshe ta kusa kaurin igiyar cajin waya. Ka ɗora mini abin saurare a kunne ka kunna wani aikinku. Na jure abin da zan iya jurewa, na cire, na ce maka kamar ana juye tifar tsakuwa a kan kwanon rufi, wani kuma yana kakarin amai a gefe.

Ka yi dariya har da riƙe ciki. "Isma'i tahat, ya Abla Hanifa," ka ce. Wato in bar sama, in saurari ƙasa.

Na mayar da abin kunne don kunyarka. A ƙarƙashin hayaniyar nan akwai wani abu yana tafiya a natse, yana hawa yana sauka, bai taɓa rasa taku ba, duk sauran a kansa suke tsaye. Kai ne. Ban zama mai son kiɗan ba har yau, kada ka samu labari a can ka yi murna. Amma daga ranar na san ina zaune da gwani.

Kayan aikinka ba su da yawa, kuma kowanne ka taɓa shi da hannunka. Jitar ta hannu ce ka saya. 'Yan ƙarafunan da ke gicciye a wuyanta ka ciccire su da filaya, ka cike gurabensu, ka goge ya yi sumul, don ka ce kana son sautin ya riƙa zamewa daga wuri zuwa wuri kamar muryar mutum. Ka ce ba tare da su ba, in yatsa ya kauce da kaurin gashi kowa zai ji. Na ce to me ya sa za ka cire abin da ke rufa maka asiri? Ka ce shi ya sa. Yawancin masu irin kiɗanku da ɗan roba suke kaɗawa saboda gudu, kai kuwa da yatsu uku na hannun dama, suna bin juna kamar ƙafafun doki. Kan yatsun nan ya yi kanta har allurar gwajin sukari ba ta shiga, sai dai in huda maka ɗan ƙaramin. Akwai ɗan akwatin ƙarfe da kake takawa da ƙafa ya sa sautin ya yi gurnani, ka farke shi ka sake masa hanji har wanda ya ƙera shi ba zai gane shi ba. Sai amfilifaya, na'urar ƙara ƙarfin sauti, da lasifika mai girman akwatin lefe, waɗanda ban taɓa gani a gidanmu ba.

Dalili kuwa, ka kafa wa kanka doka: a cikin haramin Madina ba ka jona jitarka da lasifika. Babu malamin da ya ce maka haka, kuma ban san malamin da zai yarda da rabin fatawar ba. Kai ka ga ba ya dacewa ka ɗaga irin wannan sauti a garin Annabi, shi ke nan. A gida ƙas-ƙas ɗin waya kawai, da zarar ladan ya buɗe baki kuma ka kife ta a kan gado. Lasifikar tana can Badr, a wani tsohon rumbun dabino da wani manomi ya bar muku kai da Saif mai ganguna. Sau ɗaya ka kai ni, da hantsi. Da ka taɓa babbar wayar nan ba da kunne na ji ta ba. A ƙirji na ji ta, da tafin ƙafa, kwandunan dabino suna rawa a jikin bango. Na dube ka, kai da ba ka iya tambayar ƙarin miya sai ka sunkuyar da kai, na ga mutumin da ya cika ɗaki.

A rumbun nan kake naɗar aikin da wasu ƙungiyoyin makaɗa na ƙasashen waje ke aiko maka ta intanet, da wani suna da ba naka ba. Bayan rasuwarka Saif ya nuna mini abin da suka rurrubuta. Mutane masu dogon gashi da zane a wuya, daga garuruwan da ƙanƙara ke rufewa, suna cewa ba su taɓa jin hannu irin naka ba, wani ya ce ya yi kuka. Ba su san fuskarka ba. Mu da muka san fuskar ba mu san hannun ba.

Saura maganar tukunya. Wayar bes in ta sha gumi da ƙura sautinta dushewa yake yi, irin taka kuma ba a samunta a kantunan garin nan, sai an yi oda an jira. Don haka kake kwance su ka naɗe, ka tafasa a ruwa da ɗan khal, ruwan tsamin nan na girki, ka shanya, su dawo da ƙara kamar sababbi. Karon farko a tukunyar shayin Gwaggo ka yi, baƙi suka sha shayi mai ɗanɗanon ƙarfe. Ba ta tambaye ka komai ba. Ta je ta ɗauko wata tsohuwar tukunya mai kunne ɗaya ta ajiye a ƙasan kanta, ta ce wa kowa a gidan, "Wannan ta wayar Haisam ce, kada wanda ya dafa mini ƙwai a ciki." Ka ce mini tana zaton wayoyin firji ne. Ni ma, da digirina biyu, na yarda haka take zato.

Da aka share makoki ƙanen mahaifinka, Baba Tahir, ya shiga ɗakinka don a tattara kayan da za a bayar sadaka. Ya ga jitar a kan gado, tsirara, babu waya ko ɗaya a jikinta. Ya daɗe yana kallonta. Ina so a fahimci Baba Tahir. Shi ya riƙe ku tun da mahaifinka ya rasu, shi ya shiga kabarinka ya karɓe ka. Ya fito falo idonsa jajur ya ce wannan abu ba ya shiga gado, ba ya shiga sadaka, kuma ba za a sayar ba, don duk wanda ya kaɗa ta yana tsoron alhakin ya riƙa bin ka har inda kake. Ya ce a fasa ta kafin magariba, shi zai yi da hannunsa don kada ya ɗora wa kowa. Ba mugunta ba ce. Mutum ne da ya rasa abin da zai ƙara yi maka, sai wannan.

Na shirya hujjoji, ka san ni. Ban samu faɗin ko ɗaya ba, don Gwaggo ta tashi ta shiga kicin. Muka ji ta kunna gas. Da na bi ta sai na ga tukunya mai kunne ɗaya a kan wuta, wayoyinka biyar a naɗe a ciki. Da safen Alhamis ɗin nan ka kwance su ka zuba ruwa, da niyyar in ka dawo daga Badr ka tafasa. Duk kwanakin makoki suna nan a ƙasan kanta, har sun soma tsatsa. Ta sake ruwa, ta zuba khal ba tare da ta auna ba, kamar wadda ta saba gani.

Baba Tahir ya tsaya a bakin ƙofa. "Fatsuma, kin kuwa san abin da yake yi da su?"

"Na sani."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da ya ɓata mini shayi. Firjin wa ake kaɗawa da yatsa, Alhaji?" Ta juya wayoyin da cokali. "Yaran unguwar nan, uwayensu ba su san inda suke yini ba. Ni in na ji ƙas-ƙas ɗin nan bayan la'asar, na san ɗana yana gida. In an kira salla ya tsaya, na san ya tafi masallaci. Da ita nake jin motsinsa."

"Alhakin nake ji masa."

"Babu mai kaɗa ta a waje, babu mai fasa ta. Tana ɗakinsa. In akwai alhaki a ajiyar itace da waya, a rubuta a kaina."

Baba Tahir bai ce ya yarda ba. Ya dai cire hularsa ya goge fuska da ita, ya fita ya kama ɗaure kwalayen tufafinka.

Ta shanya wayoyin a soro, a igiya ɗaya da mayafanta. Da suka bushe ta sa aka kira Saif ya mayar da su jikin jitar. Tsatsar ba ta fita duka ba. Ya ce ba za su ƙara yin ƙara kamar da ba, Gwaggo ta ce ba ƙara take nema ba.

Jiya bayan la'asar na dawo daga aiki na tarar da ita zaune a kicin, ba ta dafa komai. Gidan shiru. Ta ce, "Hanifa, shiga ki ɗan taɓa mini babbar." Na shiga ɗakinka na sa yatsa ɗaya na ja. Abin da ya fito ba kiɗa ba ne, da kana nan da ka toshe kunne. Na jira ta ce in ƙara. Ba ta ce ba. Ta bango na ji kukan da ta riƙe tun daga katangar Baƙi'a.

Haisam, ban san hukuncin kiɗanka ba, kuma ba ni aka ba alƙalancin ba. Abin da na gani da idona shi ne mutumin da ya rage wa kansa murya don girman garin da yake ciki, yanzu kuma yana kwance a ƙasar garin. Ya Allah, Ka san abin da ya bayyana da abin da ya ɓoye, Ka yi masa da rahamarKa, kada Ka yi masa da lissafinmu. Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata makwancinsa, Ka sanyaya shi kamar yadda ya sanyaya ɗakunan bayinKa a tsakiyar zafi. Ka sa maƙwabtakar da ya girmama yana raye ta amfane shi yana mace.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Baba Tahir da dukan dangi na nan da na Kano, da Saif da manoman Badr, da baƙin nesa da suka yi kukan wanda ba su taɓa gani ba. Gwaggo Fatsuma kuwa ba ni da kalmar da ta kai. Allah Ya ba ki haƙurin la'asar, Gwaggo. Idan tamu ta zo, Ya sa mu cika da imani.