Jan Hatsin da Muka Kai Issawane

Mun tashi da asuba daga Tasawa, ana sallame salla muna bakin mota. Ku iyaye mata da kuka ba ni amanar ɗiyanku, ga yadda tafiyar ta kasance. Ni ke faɗa, jikata ke rubutawa, don ni ban taɓa taka ƙofar lakwal, makarantar boko, ba, kuma na gaya mata ko kalma guda ta sauya zan gane a fuskarta.

Wadda ba ta sani ba ta sani: makarantar koyon aikin gona da yaran nan ke yi ba ta ba ɗalibi takardarsa sai ya je ƙauye ya yi wa mutane aiki da hannunsa. Su rabonsu shi ne su kai irin hatsi mai saurin nuna wani ƙauye arewa da Issawane, inda fari ya sa mutane suka cinye irin shukarsu tun bara. Akwai samari, akwai 'yan mata har da jikata, akwai mushensu, malami mai haƙuri wanda gilashinsa ke zamewa kan hanci kullum. Kuka ce 'yan mata ba za su kwana a daji ba babba. Kuka duba unguwa kaf, ba ku ga wadda ta fi ni rashin dariya ba, kuka tura ni.

Ba mu yi nisa da gari ba muka iske shingen sojoji. Kun san yadda zamanin yake, buhun hatsi bai wuce shinge sai da takarda. Aka sauke mu duka a rana. Wani soja da bai girmi jikata ba ya soka ƙarfe cikin buhu, hatsi ya zubo ja wur kamar an turara shi da lalle. Ya ja baya, ya ce mene ne wannan. Mushe ya ce magani ne aka shafa wa irin don kada ƙwari da ɓeraye su cinye shi cikin ƙasa, na shuka ne kawai, wanda ya ci shi ya ci ajalinsa. Sojan ya dube mu ɗaya ɗaya, ya ce ya riƙe fuskokinmu, in wani abu ya faru a can sun san gidajen da za su zo. Muka koma mota. 'Yan matan da tun tasha suke surutu da faransanci, har Kanan Bakashe ban sake jin bakinsu ba.

Ranar kasuwar Kanan Bakashe ce, amma kasuwar ta ba ni tsoro. Bisashe sun fi masu saye yawa. Akuya da ɗanta ake bayarwa a kan abin da bai cika ƙwarya guda ta hatsi ba, mai hatsin kuma yana zaune a kan buhunsa kamar za a sace shi da shi. Abin da ya cika layin mata shi ne anza, 'ya'yan itacen nan masu ɗacin tsiya da ake jiƙawa kwana da kwanaki, ana zubar da ruwa ana sake wani, har ɗacin ya fita a dafa a ci. Wata daga cikin 'yan matanmu ta ɗanɗana ɗanye don son sani, ta yi ta tofar da yawu har bakin mota. Na ce mata madalla, yau kin fara karatu. Mu garin rogo muka jiƙa da ƙuli-ƙuli, kuma na sa kowa ya juya baya ya ci, don akwai idanu a kanmu.

A Mayahi muka kwana saboda hatimin hukuma, mai bugawa ya tafi wani wuri, ba kuma wanda ya isa ya tambayi ina. Gulbin Kaba da muka iske a can kuwa sunan gulbi kawai ya rage masa, rairayi ne da goriba, mata na yankar kaba suna saƙa tabarmin da ba mai saye. Da safe muka kama hanyar arewa. Tun daga nan ƙasa ta sake. Gonaki fayau, ba kara ko guda, sai ƙasusuwan shanu a gefen hanya sun yi fari. Mota ta kafe cikin rairayi, samari suka tura, ta sake kafewa, direba ya yi rantsuwa ba zai wuce Issawane ba. Can muka bar shi, muka ɗora buhuna a amalanken jaki. Jakin ya waiwayo ya dubi kayan, ya dube ni, na sauka na taka da ƙafa.

Da hantsi muka shiga ƙauyen. Abin da na fara lura da shi shiru ne. Gari guda ba ƙarar turmi, ba hayaƙi a kan danga. Majiya ƙarfi duk sun tafi kudu neman abinci, sai tsofaffi da mata da ƙananan yara. Mai gari ya karɓe mu da mutunci, ya ba mu ruwa yana ba da haƙuri cewa ba fura. Aka shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin gawo, dattawa suka zauna.

Ba zan rage wa ɗiyanku komai ba, sun yi bayani. Mushe ya faɗa, wani saurayi ya maimaita, jikata ta tashi ta ɗebi hatsin a tafin hannu ta zagaya da shi, ta ce wannan ba na ci ba ne, ko an wanke shi ba na ci ba ne, a ajiye sai ruwa ya sauka. Dattawa suka ce sun ji. Kowa ya karɓi na gidansa, ya karɓi na ɗansa da na ƙanensa da suka yi tafiya. To amma a wurin nan mace ba ta zama taron ƙofar mai gari. Ni ma gefe aka shimfiɗa mini. Ina kallo tsofaffin nan suka bi gidajen surukansu, kowa ya tsaya daga bakin zaure, don suruki ba ya shiga ya tsaya dogon zance da matar ɗansa. Ya miƙa ƙwarya ya ce ga rabonku na 'yan lakwal, ya juya.

Bayan azahar ina kishingiɗe a gidan mai gari sai na ji turmi. Da fari har na ji daɗi, kunnena ya yi kewarsa. Sai na ji na biyu daga gabas, na ji na uku. Na tashi zaune. Garin da ba ƙwayar hatsi da safe, me ake dakawa yanzu? Na ƙwala wa jikata kira, na ce tara 'yan uwanki mata, kowace ta bi ƙarar turmi, kada ta tsaya doguwar sallama. Samari suka yunƙura, na ce ku zauna, ba a shiga da ku.

Gidan farko mun iske an surfa ana shirin wanki. Na biyu ma haka. Muka kife turmi, muka karɓe ƙwarya, ana zaginmu muna wucewa. Gida na uku na wata yarinyar mace ce, doguwa, ƙashin wuyanta duk a waje. Ita ta riga kowa. Ta surfa, ta wanke har hatsin ya yi fari, ta fara dakan gumba. Da ta ga mun nufo turmin sai ta rungume shi.

Ta ce, “Inna, mi na yi muku? Ku kuka kawo, ku za ku amshe?”

Jikata ta ce, “Yaya, dahi gare shi. Don Allah saki.”

Ta ce, “Anza ma da ɗacinta mun wanke mun ci, balle hatsi? Duba, ina jan yake? Wanki uku na yi mishi.”

Ni kaina da na dubi hatsin nan fari tas, zuciyata ta ce ko dai ya wanku. Jikata ce ta tsaya kai da fata, ta ce maganin ya shiga cikin ƙwayar, ruwa bai fitar da shi. Matar ta ce jikata 'yar birni ce, ba ta san yunwa ba. Suna cikin haka muka ji wani irin kuka daga bayan ɗaki. Akuyarta ce, wadda ta zuba wa ƙasarin wankin. Tana kwance tana shure-shure, kumfa na fita a bakinta.

Matar ta saki turmin. Ba akuyar ta duba ba, ɗaki ta duba. Ta ce da ƙaramar murya, “Na ba auta loma guda. Kuka take.”

Autar tata, ƙaramar yarinya, ba ta daɗe da yaye ba. Mun iske ta zaune a tabarma, yawu na zuba, idanunta sun yi wani iri, tana rawar jiki cikin wannan zafi. Na ga mutuwa a rayuwata, na wanke gawa ba adadi, amma ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba, domin abin da ke cikin cikinta mu muka ɗauko shi tun daga Tasawa, ni ma a kan buhun na zauna. Mata suka cika gidan, wannan ta ce a ɗura mata nono, waccan ta ce toka. Jikata ta hana, ta ce ba abin da za a ɗura mata sai likita ya gani. Ta aika mushe ya kawo takardar da maganin ya zo a ciki, ta cusa a zane, ta saɓi yarinyar.

Hanyar da muka shigo da safe ina ƙorafinta, da la'asar ta zama kamar ba ta da ƙarshe. Uwar na kan amalanke da ɗiyarta a cinya, jikata na riƙe da kan yarinyar a karkace don kada amai ya shaƙe ta. Samari suka kama amalanken suna turawa, har jakin ya zama shi ake ja. Ni ina baya, ina gudu irin wanda ban yi ba tun ina budurwa, takalmina guda ya tsaya cikin rairayi ban koma ba. Duk sanda yarinyar ta yi shiru sai uwar ta kira sunanta, in ta motsa mu ce alhamdu lillahi, mu ƙara sauri. Ba wanda ya ambaci sojoji, amma da na dubi fuskar mushe na san ba yarinyar kaɗai yake gani ba.

A Issawane likitan ya karɓi takardar maganin ya karanta, ya shiga da uwar da ɗiyarta ya rufe ƙofa. Muka zauna a gindin bango. Wani jandarma ya zo ya tsaya a kanmu, ya tambayi wa ya kawo hatsin. Mushe ya tashi ya ce shi ne. Jikata ta tashi ta ce ita ta raba. Na jawo zanenta, ta ƙi zama. Kafin rana ta faɗi likita ya buɗe ƙofa, ya ce an yi sa'a loma guda ce kuma an zo da wuri, za ta kwana a wurinsa amma ta tsallake. Uwar ta fito, jandarman ya tambaye ta ko tana da ƙara. Ta dube shi, ta dubi jikata da rigarta duk amai, ta ce, “Wagga ta hana ni, ni na ƙi ji. Ƙarar wa zan kai?” Ya juya ya tafi. Sai a lokacin na ji ƙafata na zafi, ashe ƙaya ta cika ta.

Washegari muka koma ƙauyen, aka sake aikin daga farko. Wannan karon ba a ƙarƙashin gawo ba. 'Yan mata suka shiga gida gida, ina gaba suna baya, suka zauna a bakin murhu suka yi wa kowace mace bayani, aka kai su suka ga akuyar kafin a binne ta, don har namanta an hana. Aka tattara irin duka, wanda aka surfa aka haƙa rami aka rufe, sauran aka zuba a rumbun mai gari aka liƙe bakinsa da laka a gaban kowa, ba za a fasa ba sai ruwa ya jiƙa ƙasa. Guzurinmu kaf, gari da shinkafa da ƙuli-ƙuli, muka bar musu. Ba zai kai su ko'ina ba, mun sani, su ma sun sani.

Dawowa ba mu tsaya ko'ina ba sai shinge. Da yunwa muka shigo Tasawa, kowace na miƙa ta hannun uwarta lafiya, kun gani da idonku. Abin da na koyo shi ne, in za a kai wa gari abu, a tambayi hannun da zai taɓa shi a ƙarshe, a je a gaya wa mai hannun, ko tana ƙuryar ɗaki. Na gaya wa mushe haka, na ce baɗi in za su sake tura yara kada su tura su wurin dattawa kawai, ya ce ya ji. Ɗiyanku kuma ku bar su su je, sun fi yadda nake zato, ko da yake ban gaya musu ba.

Amma kada ku ce hankalina ya kwanta. Har yau da nake wannan magana ruwa bai sauka ba. Rumbun nan yana can tsakiyar mutanen da ke kwana da anza, cike da hatsi, kuma laka ce kawai a bakinsa. Duk wadda ta yi salla a cikinku, ta roƙa musu ruwa kafin wani ya ɗauko gatari.