Layin da Inna ta ja wa Jirgi

Shekarun baya can, wajen ƙarshen alif ɗari tara da tamanin da wani abu, ina ƙaramin akawu a wata ma'aikata, ina zaune ni kaɗai a kwatas ɗin Unguwar Rimi, na yi wani kare. Ɓarayi ne suka ɗauke min rediyo, sai abokina na ofis, mutumin Kudancin Kaduna da ke zaune a Doka, ya kawo min ɗan kwikwiyo a cikin kwali, ya ce, "Mutumina, ga maigadi." Maigadin da bai taɓa kama ko ɓera ba! Na sa masa suna Jirgi, don ban taɓa ganin ya yi tafiya irin ta sauran karnuka ba, kullum a guje yake.

Wallahi na so karen nan, kuma ya gasa min gyaɗa a hannu. Ya cinye min hula biyu. Ya janyo wanki daga igiya ya zagaye gida da shi. Babbar sana'arsa kuwa ɗaukar abin da aka ajiye a ƙasa: takalmi, buta, tsintsiya. Ba ci zai yi ba, so yake a bi shi. Zai tsaya nesa kaɗan, abin yana bakinsa, gindi a sama, jela tana kaɗawa, kana matsowa ya ƙara gaba. Na yi tsawa, na yi lallashi, na yi bulala. Ko "zauna" ban iya koya masa ba.

Ana nan sai mahaifiyata ta yarda za ta zo Kaduna a yi mata aikin ido. Yanar ido ce ta rufe mata idanu biyu, ba ta ganin komai sai haske da inuwa. Shekara biyu ina roƙonta tana cewa ba mai sa mata wuƙa a ido. Ranar da saƙo ya iso cewa ta amince, har rawa na taka a tsakar gida, Jirgi yana taya ni. Ina cikin rawar na dube shi, gabana ya faɗi.

Inna 'yar malamai ce, matar malami. A wurinta gidan da kare yake mala'iku ba sa shiga. Na san ta taɓa zuwa gidan ƙaninta a Zariya, ta ji haushin kare daga ciki, ko ruwa ba ta sha ba ta juya tasha. In ta yi min haka, shekara biyun nan sun tafi a banza, kuma na san ba za ta sake dawowa ba. Idonta ne ke cikin haɗari.

Na ruga wurin abokina. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Kawo shi, ai gidan ubansa ne. Kwana nawa?" Na ce kamar sati biyu. Muka ɗaure Jirgi a gindin gwaiba a Doka, na dawo na wanke gida da omo tun daga falo har bayan gida, na ɓoye kwanonsa a cikin buhu, na turara turaren wuta kamar gidan amarya.

Inna ta iso da sandarta da 'yar jakarta. Likita ya duba, ya ce sai ta yi kwana tara tana shan magani jininta ya sauka, ya rubuta ranar aiki a kati, ya ce ƙarfe bakwai na safe, kuma ba kati ba aiki. Ta naɗe katin a leda ta sa ƙarƙashin tabarmarta. Kullum nakan shimfiɗa mata a baranda, in ajiye mata abinci da buta, in tafi ofis, sai la'asar in dawo.

Kwana na uku na tarar da takalminta ɗaya a gindin mangwaro. Ta ce, "Auta, garin nan naku iskarsa har takalmi take ɗauka?"

Na ce, "Ai Inna, iskar damina ce, Kaduna haka take."

Ta ce, "Uhm. Allah mai iko."

Kashegari na ga wani dogon layi an ja a ƙasa da sanda, daga bakin baranda har jikin famfo. Na ce ko tana auna hanyar zuwa alwala ne. Na kuma lura butarta ta yi fes, duk jikinta ƙarce-ƙarce kamar an goge da yashi. A ofis na tambayi abokina, "Yana nan dai ko?" Ya ce, "Yana nan lafiya lau," amma bai dube ni ba, ya hau gyara takardun da ba su buƙatar gyara. Ni da wayona, na zaɓi in yarda.

Ranar aiki ta zo. An kwana ana ruwa, gari ya yi laka. Na sa farin kaftanina, Inna ta shirya ta zauna a baranda, ledar kati a gefenta. Ƙarfe shida da kwata abokina ya iso da tsohuwar motarsa. Ina buɗe ƙyaure, wani abu ja ya wuce ta tsakanin ƙafafuna kamar an harbo shi. Jirgi ne, da guntun igiya a wuya, ya biyo motar tun daga Doka! Ya yi tsalle ya buga min tambarin laka biyu a ƙirji, ya zagaye mangwaro sau biyu, iska ta ɗan tura ledar ta faɗo daga baranda, kafin in ƙifta ido tana bakinsa.

Jama'a, ku yi tunanin wannan. Ƙarti biyu ma'aikatan gwamnati suna bin kare a tsakar gida, kuma ba wanda ya isa ya yi magana! Ba damar in kira sunansa, ba damar in ce "kai". Da hannu muke magana kamar kurame. Abokina ya tare ta wajen famfo, ni na biyo ta baya a kan yatsun ƙafa. Jirgi kuwa ya ga yau Sallarsa ta zo, mutum biyu a wasa ɗaya. Ya duƙa, ya jira har na miƙa hannu, ya zille. Abokina ya cire takalminsa ya miƙa masa musaya, ya shinshina ya ƙi. Na yi wani tsalle da ban san ina da shi ba, na kamo guntun igiyar, ta zame, ni kuma na wuce da ƙirji cikin lambatu. Na taso baki cike da abin da ba zan faɗa ba, na dubi agogo, bakwai saura ashirin da biyar. A raina ina cewa, shi ke nan, na kashe wa uwata ido saboda kare.

Sai muka ji sanda ta daki ƙasa, ƙwas!

"Kai! Kawo nan."

Inna ce. Ba ta ko ɗaga murya ba. Jirgi ya tsaya cak. Ya sauke kunnuwa, ya taho a hankali, tafiyar da ban taɓa ganin ya yi ba, ya zo daidai layin nan da take sake ja a ƙasa kowace safiya, ya ajiye ledar a kai, ya ja da baya ya kwanta, haɓa a kan ƙafafu. Ko farcensa bai tsallake ba.

Ni da abokina muka tsaya kamar gumaka, ruwan lambatu yana ɗiga daga gemuna.

Ta ce, "Auta, zare katin kada ya jiƙe. Ledar kuma a wanke sau bakwai, ɗaya da ƙasa. Ka tuna ko birni ya mantar da kai?"

Na ce, "Inna... ashe kin sani?"

"Idona ne ya mutu, ba hancina ba. Tun ranar da na shigo na ji shi ƙarƙashin turaren naka. Kullum kana fita yake durowa ta katanga. Ranar da ya lashe min buta, na ja masa iyaka, muka daidaita."

Abokina ya durƙusa ya ce, "Mama, a yi haƙuri, laifina ne. Igiya huɗu ya tsinke, kunya ta hana ni faɗa." Ta ce, "Tashi, ɗana, kai taimako ka yi."

Na ce, "Na ɗauka tafiya za ki yi."

Ta ce, "Na yi niyya. Har na ɗaure jaka. To amma kai kana barina daga safe har la'asar a gidan da ban san ƙofarsa ba, ba mai ce min sannu. Shi ne yake zuwa ya kwanta can, in na yi tari ya buga jela, in san da mai rai kusa da ni. Ba karen ne ya ɓata min rai ba, Auta. Iskar daminar nan taka ce."

Na fi jin wannan maganar fiye da faɗuwar lambatu. Na sake riga a guje, muka isa asibiti bakwai saura 'yan mintuna, ina wari, ina murna, ina jin kunya, duk a lokaci ɗaya.

Aiki ya yi kyau. Ranar da aka cire bandeji ta dube ni ta daɗe, ta ce na rame. Da muka dawo gida, tun kafin ta zauna ta ce, "Ina ɓarawon takalmin nawa?" Ya taho a guje, ya ci birki a kan layi. Ta ƙare masa kallo, kunne ɗaya a tsaye, ɗaya a karye, ta yi dariya har da hawaye, ta ce, "Ashe mummuna ne haka!"

Ba ta taɓa shafa shi ba, ba ta canza ra'ayinta a kan kare ba, kuma har ta koma gida tana min faɗa in bar shi a waje. Abin da na koya shi ne, na san dokokin mahaifiyata tsaf, amma ban san girman zuciyarta ba, kuma na raina hankalinta don kawai idonta ba ya gani. Har yau in na tuna sai in yi dariya, sai kuma kunya ta kama ni.

Ruwan sama ya share layin tun a makon da ta tafi. Jirgi ya ƙara shekara takwas a gidan, yana sata, yana gudu, yana raina ni. Amma har ya mutu, in ya zo daidai wurin nan sai ya tsaya ya kwanta, fuskarsa tana kallon baranda.