Ginshiƙai Talatin da Ɗaya na Othman Bahhar

Na Allah ne mu, kuma wurinsa ake komawa. Ranar Talata, sha huɗu ga Rajab 1446, da hantsi, Allah Ya karɓi ran aminina kuma mijin ƙanwata Zubaidatu, Othman Bahhar, a gidansa da ke unguwar Nuzla a Jidda, yana da shekara tamanin da shida. Ni ban san alƙalami ba. Faɗa nake ana rubutawa, kuma na ce kada a gyara mini ko kalma ɗaya.

Othman, mutanen unguwa sun san ka da ɗinkin taru da rabon kifi. Kowace Juma'a sai ka zagaya gidajen gwauraye da marasa lafiya, ka rataya leda a ƙofa, ka wuce kafin a buɗe. In na ce musu mai ɗinkin tarun nan ya taɓa zama a majalisa tare da Gwamnan Turawa, sai su yi dariya, su ce tsufa ya kama ni. To, ga shi na sa an rubuta.

Na fara ganinka shekarar da jiragen ruwa suka yi cunkoso a tashar Jidda, ina aikin dako. Aka sauko da kai a gadon ɗaukar marasa lafiya da zazzaɓi, jirginku ya tafi ya bar ka. Sunanka a lokacin Bauro Tekinaiti. Na tambaye ka garinku, ka ce tsibiran Gilbert. Na ce ina ne? Ka shimfiɗa tafin hannunka a kan ruwan randa, ka ce, "Kamar haka ƙasarmu take kwance." A ɗakina ka warke, a masallacinmu ka musulunta, kafili, wato ubangidan da ya tsaya maka, kuma ya yi maka iƙama, takardar zama a ƙasa.

A bakin tekun Ruwais, bayan la'asar, ka riƙa ba ni labarin. Har yau in na lumshe ido ina ganin wurin kamar na taɓa zuwa: farin yashi siriri, kwakwa ta sunkuya kan ruwa, kwale-kwale mai filafilai yana tafiya ba ƙara. A tsakiyar gari akwai wata babbar rumfa da kuke kira maneaba, mai ginshiƙai talatin da ɗaya. Kowane dangi da ginshiƙinsa, a gindinsa yake zama, kuma ba mai buɗe baki sai dattijon ginshiƙin farko ya yi magana. Kakanka ne ke riƙe da sunayen ginshiƙan da na kakannin da suka zauna a gindinsu, ya kuma zuba maka su a kunne tun kana ƙarami.

Ka yi boko, tsibirinku ya zaɓe ka wakili a majalisar da Turawa suka kafa. Lokacin da fari ya tsananta, rijiyoyi suka yi gishiri, aka kawo shawarar a kwashe mutanenku zuwa wata ƙasa mai nisa. Kwana uku kana jayayya, kai kaɗai, har aka janye maganar, aka yarda a gina muku tankunan ruwan sama.

Daga nan ne kuskuren ya zo. Ka sauka daga jirgi da takardar alkawarin tankunan a hannu, murna ta ɗebe ka, ka shiga maneaba da takalmi, ka tsaya a tsakiya ka fara karantawa. Ba ka je ginshiƙinku ba, ba ka jira dattijo ba. Ba wanda ya tsawata maka. Ɗaya bayan ɗaya suka naɗe tabarminsu suka fita, ka ƙarasa karanta albishir ga rumfa wayam. Sun sha ruwan tankunan, amma ba su sake zaɓenka ba. Kunya ta kai ka aikin jirgi. Shekara arba'in da wani abu ina jin kana cewa, "Da ma na zauna."

Shi ya sa ka hana a rubuta sunayen ginshiƙan nan. Ka ce takarda ta riga ta ci ka sau ɗaya. Ka nemi koya wa 'yarka Layan, ta ce, "Baba, esh hada, mene ne wannan? Harshena zai karye." Sai ka juyo kaina. Muka yi musaya: na ba ka sunayen zangunan da kakannina suka sauka a ƙafa daga Katagum har Sawakin a hanyar hajji, ka ba ni ginshiƙanka. Ka kan ce ina faɗinsu kamar mai tauna tsakuwa. Ni ma na ce Hausarka ta fi kama da kukan agwagwa. Amma na riƙe su duka. Wasiƙar ƙarshe da ta zo maka daga gida ta ce wanda ya san su a can ya rasu. Yanzu ba su da wurin kwana sai kan wani tsoho Bahaushe da bai taɓa ganin tsibirin ba, wanda shi ma ya haura tamanin.

Kwana biyu da rasuwarka Layan ta zo da wayarta, ita da yanzu har ta aurar da 'ya.

"Kawu, ka faɗi sunayen in ɗauka, halas."

Na ce ba zan yi ba, ba haka aka ba ni ba.

"In ka mutu gobe fa? Wallahi kai da Baba taurin kanku ɗaya!"

Na ce to, ta yi sauri ta zauna kafin goben. Ta fita tana kuka. Ban karya ba ran nan, ina tunanin ko na ci amanarka da hannuna.

Washegari da safe ta dawo, ba waya. Ta cire takalmi a ƙofa, ta zauna a ƙasa. Na daɗe kafin in gane ni take jira in fara. Othman, yau ta riƙe uku. Ta fi ni iya faɗinsu, da muryarka suke fitowa.

Ya Allah, Ka jiƙan bawanKa Othman, Ka yafe masa gaggawarsa, Ka yalwata kabarinsa, Ka ba shi mazauni a Aljanna Firdausi. Ina miƙa ta'aziyya ga Zubaidatu, da Layan da 'ya'yanta, da jama'ar Nuzla, da danginsa na can bayan teku waɗanda labarin bai kai musu ba tukuna. Allah Ya ba mu haƙuri. Ni kuwa, ya Ubangiji, ba na roƙon tsawon rai. Ka bar ni kawai in sauke ashirin da takwas ɗin da suka rage. Amin.