Yatsuna Uku da Allurar Hula

Ni da maigidana sana'armu ɗaya, ɗinkin hula, kuma a tabarma ɗaya muke yi a gidanmu na unguwar Hausari. Shi ya fi ni sauri, ni na fi shi tsabtar zare, ko da yake har gobe ba zai yarda ba. Da allurar nan aka san ni. Mata daga garin Gadaka ma aiko mini suke yi idan za a aurar da ɗa.

Sai hannun damana ya fara yi mini iskanci. In tashi da safe in ji babban yatsa da manuniya da na tsakiya sun mutu murus, kamar na aro su. Sai na yi ta yarfewa kafin su dawo. Daga baya suka daina dawowa sosai, allura ta riƙa zame mini ban sani ba. Tsoro ya kama ni ƙwarai, don idan ban yi ɗinki ba ban san me zan yi da kaina ba.

Maigida ya ce, "Hajiya, son jiki ne. Aiki ɗaya muke yi, ga nawa hannun garau."

Wannan magana ta ƙona mini rai. Don in nuna masa, na yagi ƙyalle na ɗaure wuyan hannun tamau, kamar yadda matanmu ke yi in gaɓa na ciwo, na ci gaba da ɗinki. Abin ya ƙara lalacewa, har kofin shayi ya gagare ni riƙewa. Ranar na ce masa asibiti zan je, kuma da shi za mu, ya ji son jikin da kunnensa.

Likitar mace ce, mai haƙuri. Ta kwance ƙyallen tana girgiza kai, ta ce matsi na ƙara wa wurin da dama a matse yake. Ta ƙwanƙwasa tsakiyar wuyan hannuna, na ji tsir har ƙarshen yatsu. Sannan ta ce wa maigida, "Baba, kawo naka." Ta jera su a kan tebur, nasa kamar taɓarya, nawa siriri.

Ta ce a nan ciki akwai wata 'yar hanya tsakanin ƙasusuwa da jijiyar yatsu ke bi. Ta mata yawanci ta fi ƙunci, don haka kumburi kaɗan, na aiki ko na goyon ciki ko na girma, sai ya danne jijiyar. Maza ma suna samu, in ji ta, amma mata sun fi.

Na juya na dube shi. Na ce, "Malam, lokacin zance wa ke yabon siririn hannun nan? To ga abin da ka yaba." Ya sunkuyar da kai yana gyara hularsa, likita tana danne dariya. Wallahi na ji daɗi har cikin raina.

An gwada takalmin hannu mai hana wuyansa lanƙwashewa da kuma magani, ba su yi ba, sai aka yi mini ƙaramin aiki aka buɗe hanyar. Makonnin jinyar nan maigida ne ya riƙa ɗebo ruwa yana murza mini yatsu, bai ƙara cewa uffan kan son jiki ba. Ni kuwa kullum ina kallon kwandon zarena, ina tunanin ko yatsun nan za su farfaɗo.

Wata hantsi na ɗauko hula kube sabuwa na zauna. Shi ya zura mini zaren. Ɗinkin farko ya karkace, na biyu ya ɗan miƙe, na ci gaba a hankali. Can sai allura ta kuɓuce ta soke ni a kan manuniya. Zafi ya ratsa ni har ƙwaƙwalwa, jini ya tsatso.

Maigida ya zabura zai karɓe hular. Na janye abata ina dariya, hawaye na zuba.

Na ce, "Bar ni, Malam. Na ji zafin."