Hasken Hunturu a kan Kurciyar Dutse

Na buɗe wata kafa a bangon tsohuwar coci a Alƙahira, rana ta shiga ta sauka a kan kurciyar dutse, wani tsoho ya gani kafin idonsa ya rufe. Abin da ya faru ke nan.

Ni ba na son rana. Na ratsa hamada a bayan mota. Motar ta mutu, muka fake a ƙarƙashinta. Waɗanda muka taso tare ba duka muka iso ba. Ba 'yan fashi suka kashe su ba, rana ce. Tun daga nan gefen inuwa nake bi, ko da sanyi ake yi.

Da na iso Masar na sauka a unguwar Faisal, ɗakin wasu ɗalibai 'yan ƙasarmu. Su karatu, ni leburanci, don ban taɓa zama aji ba. Na ɗauki yashi, na ɗauki bulo, har wani ɗan kwangila ya tura ni wurin wani tsohon magini da ke gyaran coci a lungunan tsohon gari. Usta ake ce masa, kamar yadda ake ce wa duk wanda ya ƙware a aikin hannu a nan. Kiristan Masar ne.

Da na faɗa wa ɗaliban, suka yi ta gardama da Larabcin littafi har shayi ya huce. Babbansu ya dube ni ya ce, "Malam, bango za ka gyara ko bauta za ka yi?"

Na ce, "Bango."

Ya ce, "To, khalas, shi ke nan. Kada dai azahar ta wuce ka."

Cocin ta girmi titin da ke gabanta. Sai ka sauka matakala kafin ka shiga, domin ƙasa ta yi ta taruwa har ta bar ta a rami. Gidaje sun kewaye ta, sun fi ta tsawo. Ciki duhu, sanyi, ƙanshin turare da tsohon katako. In na miƙa hannu cikin taga ba na taɓa ɗaya gefen bangon, don kauri. Na so wurin tun ranar farko. Rana ba ta da iko a ciki.

Usta gajere ne, mai tari, mai faɗa. Ba ya barin siminti ya taɓa bangon. Farar ƙasa da yashi muke kwaɓawa, ya ce da su aka gina ta, da su za a yi mata magani. Yakan shafa dutse da yatsa kafin ya yi magana a kansa. Na ɗauka tsabar gwaninta ce. Sai ran nan ya kai hannu zai ɗauki cokalin gini, ya kama iska, alhali cokalin yana gabansa.

Ya san na gani. Ya ce, "Likita ya ce jijiyar idon ce take mutuwa, ya ibni. Ba ta gyaruwa. Sanyin bana shi ne na ƙarshe da zan gani da ido." Ya ibni yake ce mini, wato ɗana, ko da yana zagina.

Sannan ya nuna mini can sama a bangon kudu. Akwai wani tabo na siminti, ya fita daban da sauran. Ya ce a da kafa ce. Yana yaro uwarsa takan kawo shi a kwanakin da yini ya fi gajarta a shekara. Da hantsi rana ta shigo ta wannan kafa ta sauka a kan wata kurciya da aka sassaƙa a jikin ginshiƙin farin dutse. Sauran shekara ba ta zuwa wurin. Daga baya wasu masu gyara suka toshe ta, wai tattabaru suna shiga, kuma ga ta a karkace. Ya roƙi abuna, limamin cocin, ya yarda a buɗe.

Ya ce, "Ina so in sake gani sau ɗaya. Ni ba zan iya hawa ba. Kai za ka hau."

Na hau tsani da guduma da ƙarfe, na fasa simintin. Da ƙarar ta canja, ya daka mini tsawa daga ƙasa. Da kunne ya gane na kai tsohon dutse. Ya sa na ajiye ƙarfe na ɗauki tsinken katako, da shi na ƙarasa sakace ramin. Kafar a karkace take da gaske, ta yi ƙasa ta kuma yi gefe.

Na ce, "Usta, in miƙe ta?"

Ya ce, "Ka miƙe ta in miƙe ka. Kai ne a karkace, jakin banza."

Na sa hannu ciki har kafaɗa. Sumul, da ɗan sawun ƙarfen wanda ya fafe ta. Na tsaya ina tunanin mutumin. Ba inji, ba agogo. Ya fafe, ya jira sanyi ya zo ya duba. In bai yi daidai ba sai ya gyara, ya jira wata shekarar. Kakata ma tana gane tsakiyar sanyi idan rana ta leƙa bakin rumbunmu ta wani gefe, amma ita kallo kawai take yi. Wannan ya auna rana, ya yi mata ƙofa daidai ita, ya ce nan za ki sauka. Ya mutu, jikokinsa sun mutu, har yanzu tana bin umarninsa.

Muka sa siririyar raga ta waje saboda tattabaru, muka jira.

Kwanakin suka zo da gajimare. Kullum in taso daga Faisal da sassafe, in tarar da Usta a kan kujera gaban ginshiƙin, da gyale a wuya. Hantsi ya yi, ya wuce, babu komai. Ya ce rana takan tsaya wuri ɗaya 'yan kwanaki ne kawai, daga nan ta fara komawa, hasken ya zame daga kan kurciyar sai baɗi. Mun san baɗi ba tasa ba ce.

Sai wata safiya gari ya waye garau. Na shiga cocin da sauri. Lokaci ya yi, ginshiƙin yana nan a duhu. Usta ya ce, "Ta zo?" Na ce tukuna. Na hau tsani na leƙa kafar. Ban ga sama ba. Ja na gani, da furanni.

Bargo ne. Mutanen Alƙahira in rana ta fito bayan kwanakin gajimare, duk bargon gida sai ya sha iska. Wata mata a rufin gidan da ke manne da cocin ta shanya nata daidai hanyar hasken. Baƙo ba ya hawa rufin mutane. Na fita ta saman cocin na ɗaga murya. Tana can tana dukan bargon da sanda.

"Ya hajja! Don Allah matsar da bargon nan."

Ta leƙo. "Kai kuma fa? Hukumar barguna ce ta aiko ka?"

"Kin tare mana rana."

"Ku? Ranar ta ubanka ce, ya asmar, kai baƙin nan? Tun yaushe nake jiranta, yarana suna kwana cikin danshi!"

Larabcina na wurin gini ne, bai isa wannan bayani ba. Na nuna kafar, na nuna idona. Na ce, "Tsoho. Ido ya ƙare. Yana son ya gani. Yau."

Ta sauke sandar. "Usta? Mai tarin nan da ke hana ni barcin safe?"

Na ce shi.

"To me ya hana ka faɗa tun ɗazu, bakinka ciwo yake?" Ta fizge bargon daga igiya ta rungume. "Yalla, gudu!"

Ban san yadda na sauko ba. Hasken ya riga ni shiga. Siriri ne kamar igiya, ya ratsa hayaƙin turare daga can sama ya taɓa gefen ginshiƙin. Faɗinsa bai wuce tafin hannu ba. Usta yana kallon wani wuri dabam. Na kama kansa da hannu biyu na juya shi.

Ya ce, "Ina ganin fari."

Na ce, "Ita ce. Tana tafiya."

"Ta kai fiffike?"

"Ta kai."

Hasken ya hau kurciyar gaba ɗaya, bai bar kai ba, bai bar jela ba, bai kuma wuce ta ba. Dutsen ya kama kamar an kunna fitila a cikinsa. Usta ya miƙe, ya matso har hancinsa ya kusa taɓa ginshiƙin. Ya daɗe a haka.

Ya ce, "Na gan ta, ya ibni. Reshen itacen da ke bakinta ma na gani."

Matar ta shigo da silifas, sandarta a hannu. Ta tsaya daga bakin ƙofa ta ce, "Subhanallah. Ashe duk shekarun nan a kan wannan nake shanya?"

Kafin hasken ya zame na sa hannuna ciki. Tun daga hamada ban taɓa miƙa wa rana jikina da gangan ba. Ɗumi na ji, bai ciji ba. Ban san za a iya ba mutum rana daidai abin da zai iya ɗauka ba.

Kafin lokacin zafi ya shigo, idon Usta ya rufe. Yana gidan 'yarsa. Duk tsakiyar sanyi ni nake hawa in share kafar da tsinken katako. Matar ta zage ni, ta ɗauke bargonta. In ɗauko shi in ɗora hannunsa a kan kurciyar, ya jira ɗumin, ya ce mini ta iso tun kafin in faɗa.

Yanzu ina unguwar Ard al-Liwa, ɗaki ɗaya, tagarsa tana duban kudu, ta inda rana take shigowa. Ina aikin farar ƙasa a tsofaffin gine-gine.