Simintin da Na Zuba wa Gwaibar Inna

Shekarar da muka koma gidan marigayiya Inna, mahaifiyar maigidana, a Ƙofar Dumi, na nace sai an shimfiɗa duwatsu a ƙarƙashin gwaibar da ta dasa da hannunta. A littattafan soyayyar da nake karantawa, a irin wannan wuri masoya ke zama da yamma, ni ma haka nake so.

Maginin da ya kawo duwatsun daga wajen Zungur dattijo ne. Ya ce a fara zuba tsakuwa da yashi, sannan a jera dutse a kai, don ruwa ya riƙa ratsawa.

Na ce, "Baba, ciyawa za ta fito a tsakani. Siminti nake so, sumul."

Ya ce, "'Yata, bakin itace a ƙasa yake. Toshe shi za ki yi."

Na yi dariya, na sa aka malala siminti har gindin bishiyar.

Damina biyu gwaibar ta yi tana zubar da ganye, a ta uku ta bushe. Daɓen kuwa ko tsagewa bai yi ba. Maigidan bai taɓa yi mini gori ba, amma ranar da aka sare ta, bai shigo gida ba sai da aka kwashe itacen.