Yarinyar da Ta Tafi Roƙon Rana

Ƙamshin karan gero idan ya kama wuta, da ɗan ƙas-ƙas ɗin da yake yi kafin ya zama toka, su ne ke maida ni Madarunfa, tsakar gidan Kaka, a shekarun farin nan da tafki ya ja da baya ya bar laka tana tsattsagewa. Lokacin ban daɗe da shiga lakkol ba, wato makarantar boko. Da rana mata kan bi gulbi su tona yashi har iya kafaɗa, su zauna jiran ruwa ya tsattsafo cikin ƙwarya. Itace ya yi wuya, saboda haka in an gama cin tuwo, Kaka kan ware 'yan kara kaɗan ta hura a ƙofar ɗakinta, mu jikoki mu kewaye ta. Dokarta ɗaya ce: tatsuniya tsawon wuta take. Kara ya cinye, baki ya rufe.

"Ku matso, ga ta can tafe da ƙafarta," in ji Kaka. Mu kuma mu ce ta iso, mun share mata wuri.

A wannan shekarar tatsuniya guda ta riƙa ba mu. Wata yarinya ce, Tasalla, da Rana ta saba sauka kullum ta sha daga tafkin garinsu, har ranar da ta shanye shi tas. Sai Tasalla ta ɗauki tulun uwarta ta nufi gabas, ta je ta ce wa Rana ta maido. A hanya ta tambayi gawo, ya ce shi ba ya shiri da damina, ta yi gaba. Ta tambayi shamuwa, ta ce ita ma jira take. Kowace yamma akwai wanda za ta gamu da shi, kuma da ta kusa ƙofar gidan Rana sai wutarmu ta mutu.

"Kaka, Rana ta ba ta ruwan?" in ji ni.

"Ke ƙawata, cikin duhu zan yi maganar Rana? Sai ta ce ba mu da kunya. Tashi ki kwanta."

Abin ya hana ni sakewa. Gani nake in Tasalla ta dawo da tulu cike, namu tafkin ma zai dawo. Wata yamma na zare kara daga darnin gida na ɓoye cikin zane, wuta na shirin mutuwa na tura su ciki.

Kaka ta dube ni, ta dubi darni. "Ɓarauniya! Gobe in awaki sun shigo ta wanga rami, ke zan ɗaure a wurin." Muka ƙyalƙyale da dariya. Ta ci gaba kuwa. Tasalla ta yi sallama ta shiga, amma ta tarar Rana na barci, kuma ɗiyar kirki ba ta tada babba. Ta ajiye tulu ta zauna jira. Nan karan sata ya ƙare.

Kaka ta rasu da bazara, shamuwa ba ta iso ba. Daga baya ruwa ya sauka, tafki ya cika, masunta suka koma bakin aikinsu. Ni dai a raina Tasalla na nan zaune.

Da na yi nisa a karatu, na je Maradi na wuce Yamai, aka yi ta ba ni shawarar aikin asibiti ko koyarwa. Na zaɓi ruwa. Yanzu ina yawo ƙauyukan Safo da Sarkin Yamma muna kafa famfon da allunan hasken rana ke turawa. Ranar da na fara ganin ruwa ya ɓulɓulo da tsakar rana, babu guga babu igiya, mata na guɗa, sai na koma bayan mota na yi kukana. Mutum ɗaya nake son in gaya wa cewa Rana ta farka.

Bara na tambayi Gwaggo Rabi, babbar 'yar Kaka, ko ta san ƙarshen tatsuniyar. Sai ta ce:

"Wane ƙarshe? Ai ita ke ƙirƙira ta, tana daka tana tunanin wa Tasalla za ta gamu da shi yau. Ta ce mini ba za ta cika tulun nan ba alhali randarmu ƙaf, kada ku ce ta yi muku ƙarya. Ba kuma za ta maido muku yarinya hannu wofi ba. Ruwan farko take jira, ta ƙarasa muku."